Dokar Binciken Asbestos a Ƙananan Gidajen Zama: Nazari Daga Ƙasar Bagudo da Iyakar Benin

1.0 Gabatarwa

Wanda ya san garuruwan da ke gaɓar Kogin Kwara a yammacin Jihar Kebbi shekaru 50 da suka wuce, in ya koma yau ba zai rasa lura da yadda fasalin gidaje ya sauya ba. A da, ginin ƙasa ne da rufin soro wanda ake jera wa azarar giginya, sai kuma ɗakunan jinka da dangar zana. Sannu a hankali bulo da siminti suka shigo, kwano ya maye gurbin soro a gidajen masu hali da gine-ginen hukuma. Sai dai kwano yana da nasa aibin: a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano tsura ba ya zaunuwa. Saboda haka silin ya zama dole, kuma silin ɗin da ya fi samun karɓuwa a Nijeriya daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990 shi ne farin allon nan na siminti da jama'a ke kira asbestos. Ba ya kama wuta, gara ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ga shi kuma da sauƙin kuɗi.

Yau an tabbatar da cewa ƙurar wannan allo tana kisa. Tambayar da ta taso ita ce: a kan wa alhakin binciko shi ya rataya a gidan da iyali ɗaya ko biyu ke zaune, kuma me doka ta ce? Wannan babi zai yi bayanin mene ne asbestos, da yadda ake gwada shi, da yadda hukumomin ƙasashe suka tunkari batun ƙananan gidaje, sannan a auna hakan da halin da ake ciki a Ƙaramar Hukumar Bagudo. Batun ya shafi mai koyon aikin malanta kai tsaye, domin yawancin rayuwarsa ta aiki a ƙarƙashin silin ɗin aji da na gidan malamai zai yi ta.

2.0 Ma'anar Asbestos da Ire-irensa

Asbestos ba sinadari ba ne da aka harhaɗa a masana'anta. Ma'adini ne da ake haƙowa daga cikin duwatsu, wanda halittarsa ta zo a siffar zaruruwa masu laushi kamar auduga. Kalmar ta samo asali daga harshen Girka, inda take nufin abin da ba ya kasuwa. Masana sun kasa shi gida shida, amma uku ne suka shahara a kasuwa, kuma da launinsu aka fi sanin su: akwai fari, wanda ake kira kirisotayil, da ruwan ƙasa, wato amosayit, da kuma shuɗi, wato kurosidolayit. Farin shi ne mafi yawan wanda aka yi amfani da shi a duniya. Na ruwan ƙasa da shuɗin sun fi shi tsauri da daɗewa a cikin huhu, amma hukumar binciken sankara ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya dukansu a rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan'adam.

A wajen shekarar 1900 wani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya gano hanyar cuɗa waɗannan zaruruwa da siminti a matse su su zama allo, ya kuma raɗa wa kayan suna Eternit. Aikin da zaren ke yi a cikin siminti daidai yake da aikin da ramno ko ciyawa ke yi a cikin ƙasar gini: yana riƙe ta, ya hana ta tsagewa. A irin wannan allo, asbestos yakan kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sauran kuwa siminti ne. Da shi aka yi allon silin, da kwanon rufi mai kauri, da bututun ruwa, da tankuna. An kuma sa shi a birkin mota, da wasu tayil na daɓen ɗaki, da kayan naɗe bututun zafi.

3.0 Yadda Yake Cutarwa

Muddin zaren yana ɗaure a cikin siminti, allon kuma yana nan lafiya lau ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsala tana farawa ne ranar da aka sa masa zarto, ko aka huda shi, ko aka goge shi, ko ya faɗo ya farfashe. A nan ne zaruruwan ke tashi. Sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganin su, ba su da wari, ba sa sa atishawa balle mutum ya ankara, kuma sukan daɗe suna shawagi a cikin iskar ɗaki. In an shaƙe su sai su zarce can ƙarshen hanyoyin numfashi. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan yi ƙoƙarin haɗiye su kamar yadda suke yi wa sauran datti, amma zaren dutse ne, ba ya narkewa, sau da yawa kuma ya fi ƙarfin haɗiya saboda tsawonsa. Wannan fafatawa da ba ta ƙarewa ita ke haifar da kumburi da tabo.

Cututtuka uku ne suka fi fitowa fili. Ta farko ita ce asbestosis, wato huhu ya cika da tabo ya ƙandare, numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya. Wannan ta fi kama wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar da yawa. Ta biyu sankarar huhu, wadda haɗarinta kan ninka matuƙa ga mai shan taba. Ta uku kuwa, wadda ta fi tayar da hankali, ita ce mesoteliyoma, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki. Ba ta buƙatar shaƙa mai yawa, kuma har yanzu ba ta da maganin warkewa. An kuma tabbatar da alaƙar asbestos da sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace.

Abin da ya sa wannan cuta ta zama mai wuyar sha'ani shi ne jinkirinta. Tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar ciwo akan ɗauki shekara 20 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Kafintan da ya yanka silin yana saurayi, sai ya yi furfura tari zai kama shi, a lokacin kuwa babu mai tunawa da wani allo. Alamominta, wato tari da haki da ciwon ƙirji da rama, sun yi kama da na tarin fuka, don haka a asibitin karkara abu ne mai sauƙi a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka alhali ba shi ne ke damunsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara sakamakon shaƙar asbestos a wurin aiki kaɗai.

Duniya ba ta gane wannan da wuri ba, kuma ko da ta gane ba ta yi hanzari ba. A shekarar 1924 wata ma'aikaciyar masaƙar asbestos a garin Rochdale na Ingila, Nellie Kershaw, ta rasu tana da shekara 33, kuma rahoton da likita ya rubuta kan huhunta ya zama ɗaya daga cikin shaidun farko da aka wallafa. Ingila ta yi dokar masana'antun asbestos a 1931. A 1960 likita J. C. Wagner da abokan aikinsa suka bayar da rahoton mutum 33 masu mesoteliyoma a Afirka ta Kudu, kusan dukansu suna da alaƙa da yankin da ake haƙar shuɗin asbestos. Abin lura a rahoton shi ne, da dama daga cikinsu ba su taɓa shiga ramin haƙa ba. Zama kawai suka yi kusa da wurin, wasu ma tun suna yara. Daga nan aka fahimci cewa cutar tana bin mutum har gida, tana kama matar da ke kakkaɓe kayan aikin mijinta kafin wanki. Al'ummar Arewa maso Yamma ba baƙi ba ne ga irin wannan darasi. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda a tsakar gida ake daka duwatsun zinariya. Bambancin kawai shi ne dalma ta nuna kanta cikin watanni, asbestos kuwa sai ya bari an manta da shi.

4.0 Shigowarsa Nijeriya

Masana'antar allon asbestos ta kafu a Nijeriya tun gab da samun 'yancin kai. An kafa kamfanin Nigerite a Ikeja a 1959, sai wanda daga baya aka sani da Emenite a Inugu a 1961, sannan aka samu Eternit a Sapele. A Arewa ma an yi irin waɗannan masana'antu a Kano da Bauchi. Lokacin da suka fi ciniki ya zo daidai da zamanin arzikin man fetur, lokacin da gwamnati ta shiga gine-gine ba kama hannun yaro: azuzuwan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, da gidajen malamai, da ɗakunan shan magani, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi bayan gyaran fuskar mulki na wannan shekarar, da gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983. A farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin suka koma amfani da wasu zaruruwan da ba asbestos ba. Amma dakatar da ƙerawa bai sauko da allon da aka riga aka kafa ba.

Bagudo, wadda take cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, ta samu rabonta na gine-ginen wancan zamani kamar kowace ƙaramar hukuma. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 230,000, warwatse a garuruwa irin su Bagudo, da Ka'oje, da Illo, da Zagga, da Lolo, da Tsamiya. A irin waɗannan garuruwa, wuraren da ya kamata zato ya fara sauka su ne tsofaffin makarantu, da gidajen ma'aikata, da gidajen 'yan kasuwa da 'yan boko da aka gina da bulo kafin shekarar 2000. Gidan ƙasa mai rufin soro ba shi da wannan matsala, sai fa in an yi masa kwaskwarima da ragowar kayan wani ginin.

5.0 Me Ake Nufi da Gwaji?

Babu wanda zai iya duban allo da ido ya yanke hukunci cewa yana da asbestos ko ba shi da shi, komai ƙwarewarsa a aikin gini. Sabon allon da ba shi da asbestos da tsohon da ke da shi kama ɗaya suke yi. Abin da ido zai iya bambancewa kawai shi ne abin da ba allon siminti ba ne tun farko, kamar silin ɗin katako, ko na roba, ko na filasta da ake yayi yanzu.

Gwaji na haƙiƙa mataki biyu ne. Da farko jami'in da aka horar zai zagaya ginin, ya rubuta duk kayan da ake zargi da halin da suke ciki. Sai ya jiƙa gefen allon da ruwa, ya ɓalli ɗan guntu, ya sa a leda biyu ya liƙe, ya rubuta inda ya ɗauko, sannan ya shafe gurbin da fenti. Mataki na biyu a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, inda ake duba guntun da madubin ƙara girma mai amfani da wani haske na musamman wanda ke bambance zaren asbestos da na auduga ko na gilashi. In ana neman tabbaci fiye da haka akan koma ga madubi mai aiki da lantarki. A dokar Amurka, duk abin da asbestos ɗin cikinsa ya haura kashi 1 cikin ɗari ana ɗaukarsa mai asbestos ne. Akwai kuma gwajin iska, wanda ake yi lokacin aikin cirewa da bayansa, inda ake zuƙo iska ta cikin matata a ƙirga zaruruwan da suka maƙale.

Wannan bayani ya isa ya nuna inda gizo ke saƙar. Gwaji yana buƙatar ƙwararre, da ɗakin bincike, da kuɗi. Masana'anta ko babban otal za su iya ɗaukar nauyin haka. Magidancin da ke son sauya silin ɗin ɗaki biyu fa?

6.0 Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi da Ƙananan Gidaje

Za a yi tsammanin cewa ƙasashen da suka ci gaba sun wajabta gwaji a kowane gida. Ba haka abin yake ba. A Amurka, ƙa'idar tarayya da hukumar kare muhalli ta fara fitarwa a 1973 ƙarƙashin dokar tsabtar iska ita ce a yau take wajabta binciken gini kafin a rushe shi ko a yi masa gagarumin gyara, da kuma sanar da hukuma kwana 10 na aiki kafin a fara. Amma ƙa'idar ta keɓe gidajen zama masu sashe huɗu ko ƙasa da haka. Ma'ana, mai gidan da iyali ɗaya ke ciki yana iya fasa silin ɗinsa ba tare da dokar tarayya ta tambaye shi takardar gwaji ba. Wannan rangwame yana faɗuwa ne idan an rushe gidan a matsayin wani ɓangare na babban aiki, kamar faɗaɗa hanya ko gina kasuwa. An kuma bar wa jihohi damar tsanantawa, kuma wasunsu, irin su Kolorado, sun shigar da ƙananan gidaje cikin dokarsu. Makarantu kuwa ba a yi musu sassauci ba: dokar 1986 ta tilasta a bincika su, a ajiye kundin abin da aka gani, a sake cikakken bincike duk shekara 3.

Birtaniya ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, fari kuma a 1999, amma duk da haka tana rasa kimanin mutum 5,000 a shekara saboda ƙurar da aka shaƙa tun da daɗewa. Ƙa'idojinta na 2012 sun ɗora wa mai kula da duk ginin da ba na zama ba alhakin gano asbestos da lura da shi, haka ma wuraren tarayya na gidajen haya kamar matakala da baranda. Cikin gidan mutum na kansa bai shiga ba. Sai dai dokar ta biyo ta wata ƙofa: magini ko kafintan da aka ɗauka aiki a gidan, shi doka ta hau kansa, wajibi ne ya tabbatar da abin da zai taɓa kafin ya taɓa.

Faransa ce ta ɗauki wata hanya daban. Bayan ta haramta asbestos a 1997, sai ta ɗaura gwajin a jikin ciniki. Duk gidan da aka ba da izinin gina shi kafin 1 ga Yuli 1997, komai ƙanƙantarsa, mai sayarwa sai ya haɗa rahoton binciken asbestos da takardun ciniki. Hikimar wannan tsari a fili take: ba a bi gida-gida ba, an dai tsaya a mashigar da kowane gida zai bi wata rana.

Hujjar masu keɓe ƙananan gidaje ba ta banza ba ce. Gidajen suna da yawan da babu hukumar da za ta iya sa musu ido, asbestos ɗin da ke cikin kowane ɗaya bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na masana'anta, ga kuma nauyin da za a ɗora wa talaka. Amma hujjar tana da rauni a wuri guda: huhu bai san girman gini ba. A ƙaramin gida ne ma aka fi samun aikin ganin-dama, babu ƙwararre, babu kayan kariya, yara na wasa a gefe. Abin da ya faru a Kanbera, babban birnin Ostireliya, ya isa misali. Tsakanin 1968 da 1979 wani ɗan kasuwa ya riƙa hura sakakken asbestos a saman silin ɗin gidaje kimanin 1,000 don maganin sanyi. An yi aikin kwashewa, daga baya aka gano zaruruwan sun riga sun shige cikin bango, har a 2014 gwamnati ta yanke shawarar saye gidajen ta rushe.

7.0 Matsayin Doka a Nijeriya

Dokokin muhalli na zamani a Nijeriya sun samo asali ne daga abin kunyar da ya faru a Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, a 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a filin wani bawan Allah. A shekarar aka kafa dokar soja mai lamba 42 kan shara mai cutarwa, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine, waɗanda suka sanya asbestos cikin kayan haɗari da ake sa wa ido a wurin gini. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, wanda ƙarfinsa ya dogara ga jihohi su mayar da shi doka. Duk da haka, Nijeriya ba ta bi sahun ƙasashe irin su Afirka ta Kudu ba, wadda ta haramta asbestos ɗungurungum a 2008 duk da cewa tana cikin manyan masu haƙarsa a da.

Idan aka dubi waɗannan dokoki da idon magidanci a Ka'oje ko Illo, za a ga cewa hankalinsu yana kan masana'anta da babban ɗan kwangila. Ba su ɗora wa mai ƙaramin gida wajibcin gwaji kafin ya sayar, ko ya ba da haya, ko ya gyara ba. Ta wannan fuska sakamakon ya yi kama da na Amurka, sai dai can da gangan aka zana iyakar, aka kuma bar jihohi su cike giɓin.

Ko da a ce gobe Majalisar Dokokin Jihar Kebbi za ta kwafo tsarin Faransa, sai an tambaya: a wace mashiga za a tsaya? A can ciniki ba ya ƙulluwa sai a gaban jami'in shari'a mai rajistar kadarori. A yawancin garuruwan Bagudo kuwa, cinikin gida a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu ake yin sa, a rubuta 'yar takarda a sa hannu. Gidaje da yawa ma ba a sayar da su, gado ake ci, a raba ɗakuna tsakanin magada. Izinin gini da zanen injiniya abu ne da aka fi sani a Birnin Kebbi da manyan garuruwa. Dokar da aka rataya a jikin takardar da ba a amfani da ita, a kan takarda za ta ƙare.

Mashigar da take akwai tun zamanin Turawa ita ce ta duba-gari. Shi ne jami'in da doka da al'ada suka yarje wa shiga gida ya duba rijiya da masai da kwata, kuma tun 2002 aikinsa ya samu majalisar rajista ta ƙasa. Ba shi da madubin gwaji, amma ba lalle sai da shi ba. Dokar Birtaniya ma ta yarda da abin da za a kira hukuncin zato: inda ba a yi gwaji ba, a ɗauka allon yana da asbestos, a yi mu'amala da shi a kan haka. Wannan ƙa'ida ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce ta fi dacewa da wurin da ɗakin gwaji ya yi wa nisa.

8.0 Batun Iyaka

Bagudo tana iyaka da Jamhuriyar Benin. Daga Lolo ana fita zuwa ɓangaren Malanbil, inda babbar kasuwar yankin take, daga Tsamiya kuma a nufi Segbana. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, kogi kuma hanya ce. Ko a lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta 2019, kwalekwale da babur ba su daina aiki ba.

Nijeriya da Benin duka sun shiga yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta lissafa ƙura da zaren asbestos cikin shara mai haɗari, da kuma yarjejeniyar Rotadam ta 1998, wadda ta ce kada a aika wa ƙasa wasu kayan haɗari sai da saninta da yardarta. Amma akwai ɓaraka. Ire-iren asbestos biyar ne ke cikin jerin Rotadam. Farin, wanda shi kaɗai ake ciniki a yau, tun 2006 ake ƙoƙarin shigar da shi ƙasashe masu haƙarsa da masu sayensa suna hanawa. Rasha da Kazakistan da Sin suna kan gaba wajen haƙarsa, kuma abin da ake fitarwa a duniya ya haura tan miliyan 1 a shekara. Ke nan allo ko birkin mota mai asbestos yana iya sauka a tashar jirgin ruwa ya hau mota zuwa Arewa ba tare da wata alama a jikinsa ba, jami'in kwastan kuma idonsa bai fi na kafinta gani ba. Saboda haka sabuntar kaya ba hujja ba ce ta tsarkinsa, musamman wanda ba a san maƙerarsa ba.

9.0 Inda Haɗarin Ya Fi Kusa

A zahiri, abin da ya fi barazana ga mutumin Bagudo ba wanda zai ƙetaro iyaka ba ne, wanda ke bisa kansa ne. Allon da aka kafa a 1977 ya doshi shekara 50. Kwano ya yi tsatsa, ruwa ya ɗiga, allon ya jiƙe ya bushe sau ba adadi, jemagu sun yi sheƙa a samansa. Iskar farkon damina takan yaye rufin aji, silin ya zubo. Ambaliya irin ta 2020, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Kebbi har da Bagudo, takan bar tarkacen gini a fili, in ya bushe ƙafa da iska su niƙe shi. Ga kuma ɗabi'ar rashin zubar da abu: guntun allo ya zama murfin tukunya, ko rufin akurkin kaji, ko cikon rami a ƙofar gida, ko abin da yaro zai yi zane a kai.

A makaranta kuwa, abin da aka saba shi ne idan silin ya faɗo, malami ya kira manyan yara su kwashe su share. Shara da busasshiyar tsintsiya a rufaffen aji ita ce hanya mafi muni ta tayar da zaruruwan, kuma yaro ɗan shekara 10 yana da isasshen sauran rayuwa da cutar za ta cim masa. Abin da ya dace shi ne a fitar da yara a rufe ajin. Babban mutum ya yayyafa wa tarkacen ruwa har ya jiƙe sharkaf, ya ɗauka da hannu ba tare da ya ƙara karya shi ba, ya zuba a leda mai kauri ninki biyu ya ɗaure, ya goge daɓe da benci da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ma ya bi ledar. Ba a ƙona shi, domin wuta ba ta cin zaren, sai dai ta tarwatsa simintin ta sake shi. Binnewa ake yi a rami mai zurfi, a wurin da duba-gari ya nuna, nesa da gona da hanyar ruwa. Ɗaure hanci da rawani ko ƙyalle ba ya tare zaren. Takunkumi mai matata na musamman ake bukata. Tufafin aikin kuma ba a kai su gida a kakkaɓe.

Sai dai a yi hattara kada tsoro ya haifar da ɓarnar da ta fi ta farko. Shugaban makarantar da ya ji wannan bayani ya sa aka ɓamɓare duk silin ɗin makarantarsa da guduma ya jawo abin da ake gudu. Allon da yake lafiyayye, a bar kaza cikin gashinta: a toshe yoyon kwano, a shafe shi da fenti, a hana buga masa ƙusa ko huda shi don rataya fanka. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta samu tabbatacciyar shaida cewa shan ruwan da ya bi ta bututun asbestos yana cutarwa ba. Shaƙa ita ce matsalar.

Abin da malami zai iya yi ba tare da jiran sabuwar doka ba shi ne abin da dokar makarantu ta Amurka ta fara da shi, wato rubutu. A littafin tarihin makaranta a keɓe shafi: wane aji ne ke da allon siminti, wace shekara aka gina shi, ina ya tsage, ina yake yoyo. Haka ma gidajen malamai. A kai kwafi ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da kwamitin gudanar da makaranta, domin ranar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta ba da kwangilar gyara, a san abin da za a tarar. Idan kuma kafinta ya iso da tsani da zarto, a nuna masa shafin kafin ya hau.